Ambaliyar Maiduguri: Allah ne ya aiko ta, ko ƙyalewa ya yi?

Yar_Gwoza:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ina da tambaya kuma kar wani ya ce bangaskiyata ce ta yi sanyi, abin ne ya tsaya min a rai. Mu a 2014 muka gudo Maiduguri da Boko Haram suka kama Gwoza, babanmu bai fito ba. Mamanmu ta yi ta fama da tuyar ƙosai da ɗinki har ta mallaki keken ɗinki biyu muka kama haya wajen Fori, sai ga dam ɗin Alau ya fashe a Satumba 2024, cikin dare ruwa ya shigo mana, da zanin jikinmu muka fita, kekunan da muka tono daga laka duk sun yi tsatsa, takardun makarantar ƙanina sun zama kunu. Wata a zumuntar mata ta ce hukunci ne saboda zunubin gari, wata kuma ta ce a'a Allah ba ruwansa aikin Shaiɗan ne. To wanne ne? In Allah ne ke mulkin komai me ya sa sau biyu a kan mace ɗaya mai tashi addu'a tun asuba?

Dattijo_Kwarhi:
'Yata sannunku, Allah ya mayar da alheri, ki gaishe min da mama. Matan nan biyu duk sun yi gaggawar baki. Wadda ta ce hukunci ne ta buɗe Luka 13, hasumiya ta faɗo a Siluwam ta kashe mutum 18, Yesu da bakinsa ya ce kada ku ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Haka a Yahaya 9 da almajirai suka tambaya zunubin wa ya makantar da mutumin nan, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Ruwan nan ma ai bai zaɓi gida ba, ya shiga fadar Shehu, ya shiga kasuwar Monday Market da asibitin koyarwa, ya shiga coci ya shiga masallaci.

Amma wadda ta ce Allah ba ruwansa ita ma ban bi ta ba. Duba Ayuba sura ta 1, masifa huɗu a rana guda, biyu daga 'yan hari Sabiyawa da Kaldiyawa, biyu kuma wuta daga sama da iska mai ƙarfi, kin ga kamar naku ke nan, masu bindiga sannan ruwa. Shaiɗan yana ciki ƙwarai amma sai da aka ba shi izini aka kuma ja masa iyaka. Ayuba bai ce Shaiɗan ya karɓe ba, cewa ya yi Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa. Ni dai a 2014 da aka kore mu daga hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) abin da ya riƙe ni ke nan, in da akwai wurin da hannun Allah bai kai ba to wa zan kira a wurin? Dalilin da ya sa sau biyu kuwa, 'yata ban sani ba, Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a faɗa masa ba.

Bulus_Injiniya:
Baba da girmanka, amma ni wannan magana ta "nufin Allah" tana ba ni haushi wani lokaci domin da ita manya ke wanke hannunsu. Dam ɗin nan tun shekarun 1980 aka gina shi a kan kogin Ngadda, a 1994 ya taɓa ɓallewa ya cinye gari, shekara 30 ke nan tsakani, kowa ya san ƙasar da aka tara ta tare ruwa tana son kulawa, tana zaizayewa, ruwa yana ratsa ta a hankali, laka tana cika cikinsa wurin ruwa yana raguwa, sai damina mai ƙarfi ta zo kawai. Wannan ba asiri ba ne. Littafi Mai Tsarki ma ya san sakaci, Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce in ka gina gida ka yi wa rufin katanga kar wani ya faɗo jininsa ya hau kanka, ba a ce in ya faɗo kwanansa ne ya ƙare ba. Allah ya ce tashi in taimake ka.

Dattijo_Kwarhi:
Ɗana ai ba mu saɓa ba. Yusufu ya faɗa wa 'yan'uwansa a Farawa 50:20 ku mugunta kuka nufa Allah ya nufe shi da alheri, bai ce ba su yi laifi ba, sunan abin mugunta ya kira shi a gabansu. Mai sakaci zai amsa nasa, kuma ku matasa ku tambaye shi tun a nan duniya.

Mama_Zumunta_Jos:
Ni ba na iya dogon nassi kamar su Baba amma zan faɗi nawa. Lokacin rikicin Jos na 2001 aka ƙone mana shago, wata ta zo jaje tun ba ta zauna ba ta karanto min Romawa 8:28 wai komai yana aiki tare domin alheri, gaskiya ce fa ayar, amma ran nan ji na yi kamar in kore ta. Wadda na fi tunawa tsohuwa ce ta zo da kwanon tuwo da tabarma ta zauna ba ta ce uffan ba har yamma. Abokan Ayuba ma kwana bakwai ɗin da suka yi shiru ne suka yi daidai, da suka buɗe baki suna neman laifinsa sai ga Allah yana fushi da su a sura 42. 'Yar'uwa ki yi kukanki gaban Ubangiji kar ki ji kunya, Zabura cike take da "har yaushe", kuma wadda ta ce hukunci ne ki tambaye ta ko mudu nawa na masara ta kawo muku.

Yar_Gwoza:
Na gode Baba, na gode Mama, dariya kika ba ni, ko gwangwani ba ta kawo ba. Yaya Bulus maganarka ma ta shige ni. Gaskiya har yanzu in na zo wurin "Ubangiji ya karɓa" bakina yana nauyi, mama ce ke faɗinsa ni ina jin ta. Na karanta mata amsoshinku ta ce a gaishe da Baba, wai ko ya san mutanen Gwoza da suka zauna Yola.

Mama_Zumunta_Jos:
Kekunan wane iri ne, na ƙafa ko na hannu? In kan bai fashe ba ana jiƙa shi da kananzir a wanke a sa mai, da yawa suna tashi. Turo min hotonsu ta saƙo, akwai mai gyara a cocinmu zan nuna masa ran Lahadi bayan sujada.