Layin E1 ya ɗauke a ƙauye: me lup ya nuna muku?

Ɗan koyo, Ringim: Assalamu alaikum manya. Wata huɗu ke nan ina bin ogana gyaran turakun sadarwa. Jiya ya tura ni ni kaɗai wani turke a hanyar Taura, layin E1 da ke tsakanin na'urar turken da rediyon maikurowef ya ɗauke, jar fitilar LOS, mai nuna sigina ya ɗauke, sai ci take. Na sake matse kan waya har sau biyu, shiru. Oga ya ce mini a waya "yi lup mana", ni kuwa na ji nauyin cewa ban iya ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba mu labari.

Tsohon ma'aikacin layi, Dambatta: Wa alaikumus salam ɗana. Da ka tambaya tun a can da ba ka dawo hannu rabbana ba. E1 wayoyi huɗu ne, biyu na aikawa, biyu na karɓa, suna ɗauke da megabit 2.048 a gurbi 32, 30 daga ciki na magana. Lup kuwa haɗa bakin na'ura da kunnenta ne, ta yi magana ta ji kanta. Sami kan RJ48, wato kan waya mai fil takwas, da guntayen waya biyu, ka haɗa fil na 1 da na 4, na 2 da na 5, ka matse. In kuma kebul ɗin mai om 75 ne mai zagayayyen kan ƙarfe da ake kira BNC, gajeren kebul ɗaya ya isa, daga TX (mai aikawa) zuwa RX (mai karɓa).

Ka fara cusa shi a jikin na'urar. Jar fitila ta mutu? To ba ita ce mai laifi ba. Sai ka matsa gaba zuwa allon da wayoyi ke haɗuwa, daga nan ƙarshen kebul wajen rediyo. Inda ja ta dawo, ɓarnar na tsakanin nan da inda ka baro. Nawa kan lup ɗin a jikin makullin babur yake tun zuwan GSM a 2001, duk ya yi baƙi. Da shi na taɓa kama gara a wani turke wajen Kazaure, ta bi bututun ƙasa ta cinye rigar kebul kusan kamu guda.

Mai gyara, Gumel: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni lup ya taɓa raina mini hankali. Na yi a wannan gefe, fitila ta yi kore. Na yi a wancan, kore. Ina haɗa su sai ja. Tun hantsi har la'asar ina zagaye ɗaki ɗaya cikin zafin Afrilu, mai gadi har ya kawo mini fura don tausayi. Ashe TX na haɗa da TX, baki da baki, babu mai sauraro. Lup ba zai taɓa nuna wannan ba, tunda kowane gefe kansa yake ji. Kuma kada wani ya ɗauko kuros na kwamfuta, wato kebul mai juya wayoyi, ya ce zai yi, shi 1 da 2 yake juyawa zuwa 3 da 6. Na E1 sai 1 da 2 sun tafi 4 da 5.

Injiniya, Hadejia: Namu na nan damina ce. Layi bai mutu ba, amma kira na yankewa, ƙidayar kuskuren CRC, wato saƙonnin da suka iso a gurɓace, na hawa, musamman bayan ruwan dare. Lup na minti biyu da rana tsaka ya wuce lafiya lau. Sai da na bar na'urar ƙidaya kuskure a kai har asuba ta tona asiri: danshi ya shiga kan BNC, ciki ya yi kore da tsatsa. Kore a fitila ba shaida ba ce ga irin wannan, a duba ƙidaya.

Ɗan koyo, Ringim: Yallaɓai, to in mitar gwajin waya ta nuna wuta na ratsa duk wayoyin fa?

Injiniya, Hadejia: Mita ratsawa kaɗai ta sani. Wayoyin cikin kebul a murɗe suke biyu-biyu; in ka ɗauko fil na 1 daga wannan murɗin, na 2 daga wani murɗin daban, za ta yi maka ƙara yadda kake so, layi kuma ya cika da kuskure in kebul ya yi tsawo. 1 da 2 murɗi ɗaya, 4 da 5 murɗi ɗaya.

Wata ma'aikaciya, Birnin Kudu: Ni tawa abin kunya ce. Daga kwamfuta na sa lup a kan layin wani turke, na gama gwaji, aka kira sallah, na tashi ban cire ba. Allona kore shar, garin kuwa babu mai iya kira, kuma ranar kasuwarsu ce. Masu POS suka yi cirko-cirko, sai da dagaci ya hau mashin ya fita inda ake samun sabis ya kira ofis. Tun ranar nake rubuta "akwai lup" a takarda in manna a goshin kwamfutar.

Ɗan koyo, Ringim: Na koma yau da safe da kan da Baba ya koya mini. A jikin na'ura kore, a allo kore, a ƙarshen kebul ja. Na bi shi da hannu har bayan batura, na tarar ɓera ya gutsure wayar fil na 2, ga kashinsa nan a wurin. Na ja sabon kebul, na cire lup ɗina, Hajiya, na duba sau biyu. Allah ya saka da alheri. Yanzu wa ke da dabarar toshe ramin da yake shigowa, don siminti ban zo da shi ba?