Takardar Lauya Kan Waƙar Gaɗa: Muhawarar Zauren Matasan Garinmu

Mai Kyamara: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, sai na faɗa ko na samu sa'ida. Kun san bikin 'yar gidan Baffa da na ɗauka bayan sallah. Ranar kamu tsofaffin mata suka yi da'ira a tsakar gida suna gaɗa, tafi kawai, ba ganga ba fiyano. Na yanko kaɗan na ɗora a shafina na Facebook. Jiya direban motar Kano ya miƙo min ambulan. Takarda ce daga ofishin wani lauya a birni, wai waƙar ta wani mawaƙi ce da ya buga a situdiyo, in sauke bidiyon, in ba da haƙuri a bainar jama'a, in biya naira miliyan 5 cikin kwana 7, ko mu haɗu a kotu. Waƙar da kakata take yi tun ana kai amarya a kan doki! Ni ban ga laifin mawaƙin sosai ba, ƙila bai san doka ba. Wanda ya yi karatun, ya sa hannu, ya buga hatimi, shi nake tuhuma. Lauyoyin nan sun zama 'yan acaɓa, wanda duk ya biya, ko rami ya ce a shiga sai su shiga da shi.

Na Tasha: Wa alaikumus salam. Allah ya fitar da kai. Amma ka janye maganar 'yan acaɓa. Me muka yi maka? Ni da nake kai mata asibitin Ringim da tsakar dare, wani lokacin ko kuɗin mai ba a ba ni, ni za ka haɗa da mai cutar mutane?

Mai Kyamara: Yaya, misali na yi, ba da kai nake ba.

Na Tasha: Misalin ne bai yi ba. Ɗan acaɓa yana da ikon cewa ba zan je ba. Ko shekaranjiya wani ya ce in kai shi wani lungu bayan isha'i, na ga take-takensa, na ce ya sauka. Kai kanka wa yake ɗaukar ka da kayan ɗaukar hotonka zuwa ƙauyuka in damina ta ɓata hanya?

Autan Gabas: Gaskiya Na Tasha ya faɗa. A garin nan an raina mai babur. In za a yi zagi, ɗan acaɓa. In za a yi kamfen, a nemo ɗan acaɓa ya cika layi.

Mai Shayi: To ai ba ƙarya ya yi ba, wasunku gudun da suke yi a hanyar Gujungu ranar kasuwa ko mahaukaci ba zai yi ba. Wa ya kaɗe akuyar Gwaggo bara?

Autan Gabas: Ba ɗan tasharmu ba ne, kowa ya sani. Ɗan unguwarku ne, kuka rufa masa asiri.

Ɗalibar Lauya: Don Allah yayyena ku bar maganar akuya, mutum yana cikin damuwa. Yaya Mai Kyamara, kwantar da hankalinka. Abin da Yaya Na Tasha ya faɗa ma shi ne amsar: lauya shi ma yana da ikon cewa ba zan je ba, kuma dokar aikinsa ta wajabta masa hakan a wasu wuraren. Ƙa'idojin aikin lauyoyi na Najeriya sun hana lauya shigar da ƙara don kawai a muzguna wa wani, sun kuma hana shi gabatar da da'awar da ya san doka ba ta goyi bayanta ba. Wai "wanda nake wa aiki ne ya sa ni" ba hujja ba ce. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, yana iya jan kunne, yana iya dakatar da mutum, yana iya soke sunansa daga rajista gaba ɗaya.

Sai batun waƙar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ware waƙoƙin gargajiya da tatsuniyoyi da raye-rayen al'umma daban. Ba na mutum ɗaya ba ne, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce aka ɗora wa kula da su. In mawaƙi ya ɗauki waƙar gaɗa ya shiga situdiyo, abin da ya mallaka shi ne sautin da ya naɗa da baitocin da ya ƙara da kansa. Bai mallaki bakin tsofaffin garinmu ba. Lauyan da ya rubuta maka takardar nan ya san wannan, ko kuma ya kamata ya sani kafin ya sa hannu.

Mai Kyamara: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wallahi jiya ko runtsawa ban yi ba.

Kawu Sakatare: 'Yata, karatu dai ba a gama ba tukuna, a riƙa sassautawa. Kin ga takardar? Kin ji bidiyon har ƙarshe? Ni na kalla, kuma kamar na ji kiɗan situdiyo a wajen da amarya take fitowa.

Mai Kyamara: Kawu, wannan DJ ne ya saka a waje, iska ta kwaso. Ba ni na ɗora ba.

Kawu Sakatare: To ka turo takardar gaba ɗaya mu gani. Kan takarda kawai ka nuna mana.

Mai Kyamara: Tana shago, gobe in Allah ya kai mu.

Ɗalibar Lauya: Kawu, tambayarka tana kan hanya. In sautin mawaƙin ne aka ɗora a kan bidiyon, magana ta canza, yana da haƙƙi. Amma ko a hakan, daga ina miliyan 5 ta fito? Kotu asarar da aka yi take dubawa da ribar da aka ci. Shafin da 'yan garinmu ne kawai suke kallo, wace riba ya ci? Adadin nan an rubuta shi ne don mutumin ƙauye ya gani cikinsa ya ɗuri ruwa, ya sayar da tumakinsa ya kai dubu ɗari biyu a ce an yi sulhu. Abin da yake ƙona min rai ke nan. Wanda zai iya ɗaukar lauya ba a aika masa irin wannan takardar.

Mai Shayi: "Mutumin ƙauye" kuma? Ke yanzu kin zama 'yar birni ke nan don kin je jami'a?

Ɗalibar Lauya: Yaya, a garin nan aka yanke min cibiya.

Gwaggo Ta Kudu: Ni dai abin da zan faɗa, waƙar nan ba ta garinku ba ce ma. Daga garinmu aka kawo ta, mahaifiyata ce take ba da ita, sauran mata suna amsawa. Da aka auro mu nan muka zo da ita.

Autan Gabas: Gwaggo, da girmanki. Kakarmu ta rasu da shekara kusan ɗari, kuma ta ce tun tana yarinya ake yin ta a dandalin gabas.

Gwaggo Ta Kudu: Ɗan nan, yaushe aka haife ka? Ku 'yan gabas komai naku ne. Har rijiyar makaranta kun ce taku ce.

Autan Gabas: Ai tamu ce, filin kakanmu ne.

Malam Na Masallaci: Jama'a a ji tsoron Allah. Haƙƙin mai fasaha haƙƙi ne, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988, ba a yarda a ci gumin marubuci ko mai ƙirƙira ba. Amma wanda ya yi da'awar abin da ba nasa ba, da wanda ya tsaya masa da iya magana, su tuna hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim: wani yakan fi wani iya tsara hujja, a yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, to yanki ne na wuta aka yankar masa. Kuma a Suratun Nisa'i an hana zama mai jayayya don kare maha'inta. Ku kai maganar gaban alƙali a Ringim a sasanta.

Ɗalibar Lauya: Allah gafarta Malam, sulhu kam ana iya yi a ko'ina, ko a zauren mai gari. Amma shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take da hurumin ji, haka tsarin mulkin 1999 ya ce. Sai dai a je Dutse ko Kano. Wannan ma yana cikin abin da ake tsorata mutane da shi, kuɗin mota da na lauya kaɗai sun isa su sa mai gaskiya ya sallama.

Kawu Sakatare: Duk wannan surutu ne. A ƙasar nan wa ya taɓa taɓa lauya?

Ɗalibar Lauya: An taɓa, Kawu. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta ci tarar Afe Babalola da Wole Olanipekun naira miliyan 30 kowannensu, daga aljihunsu, saboda sun nemi ta sake duba hukuncin da ta riga ta yanke kan zaɓen gwamnan Bayelsa. Mai shari'a Amina Augie ce ta karanta hukuncin. Manyan lauyoyi ne na ƙasa, ba a ce ai aiko su aka yi ba.

Mai Shayi: Ai wannan hukuncin zalunci ne tun asali. Mutum ya ci zaɓe, ana gobe rantsuwa a ƙwace a ba PDP saboda takardun mataimakinsa.

Autan Gabas: Da aka ƙwace na PDP a Imo aka ba ku kuka karɓa ai ba ku ce zalunci ba ne.

Mai Shayi: Kai da ka sauya jam'iyya sau nawa? Ko hular da ke kanka ta kamfen ce.

Na Tasha: Ni dai har yanzu ba a janye maganar acaɓa ba.

Autan Gabas: Kuma a bincika, mawaƙin nan ba shi ya yi wa ɗan takarar su Kawu waƙa ba? Shi ya sa ake kare shi.

Kawu Sakatare: Yaro, ka iya bakinka. Ni sa'an mahaifinka ne.

Mai Kyamara: Jama'a ni fa shawara nake nema. In sauke bidiyon ko in bar shi?

Gwaggo Ta Kudu: Kar ka sauke, muryata ce a ciki.

Kawu Sakatare: To, a matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka tattauna. Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa Mai Kyamara ya yi kuskure da ya zagi masu sana'a, lauyoyi da 'yan acaɓa, ya kamata ya ba su haƙuri. Aikin lauya aiki ne na mutunci, ni kaina ƙanina lauya ne, na san irin wahalar da ya sha kafin a kira shi Barista. Na biyu, Malam ya tabbatar mana haƙƙin mawaƙi haƙƙi ne a addini. Na uku, ba a kawo takarda ba, don haka ba mu da hujjar cewa lauyan ya wuce gona da iri, kuma akwai alamar kiɗan situdiyo a bidiyon. Shawarar zaure ita ce ya sauke, ya nemi manya su raka shi birni a roƙi ragi. Maganar rijiya da ta akuya a kai wa mai unguwa.

Ɗalibar Lauya: Kawu, ba a yi wannan ittifaƙin ba, kuma rabin maganar Malam ka ɗauko. Yaya Mai Kyamara, kar ka kai wa kowa ko sisi. Ka ajiye ainihin bidiyon da ke kan katin kyamararka, kar ka goge komai. Ka ɗauki takardar ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Dutse, ko ka samu wani lauyan, a rubuta musu amsa su faɗi wane baiti ne nasu da shekarar da aka naɗa shi. In sun kasa, sunan wanda ya sa hannu yana ƙasan takardar, kuma ana kai ƙorafin lauya gaban kwamitin ladabtarwa.

Na Tasha: In Dutsen za ka, ka fito da wuri in kai ka bakin titi ka samu motar farko. Amma sai ka janye.

Kawu Sakatare: An rufe zaure sai bayan sallar asuba.