Wa ya taɓa kallon fina-finan Ingila na gwauron da ke kashe mutane shi kaɗai a ɗaki?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na kalli Tony, wani ɗan ƙaramin fim na 2009 da Gerard Johnson ya yi da kuɗi kaɗan a unguwar Dalston ta gabashin Landan, wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ba dodo ba aljani, mutum ne kawai mai tabarau da ɗan gashin baki, ba aiki ba aboki, ya wuni yana kallon tsofaffin kasakasan faɗa, in ya samu wanda ya biyo shi gida ya kashe shi ya ajiye gawar tana taya shi zama. Waɗanda suka kalli irinsu ku faɗa mana yadda kuka ji, musamman ku mazauna can.

Hajjo a Leeds: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ni kam kuskuren lokaci aka samu, na kalle shi a hunturun farko da na zo, ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe, ina ɗaki ɗaya ni da hita. Ba jinin ne ya dame ni ba don ba shi da yawa ma, ɗakin ne. Labulen nan, kafet ɗin nan mai datti, dogon baranda mai ƙofofi iri ɗaya kowa ya kulle tasa, sak gidan da nake haya lokacin. Akwai wani dattijo a ƙofar da ke kallon tawa kullum in na gaishe shi sai ya tsare ni da hira kamar ba zai sake ni ba, bayan fim ɗin nan sai na koma leƙawa kafin in fito, Allah ya yafe mini, bawan Allah ashe matarsa ce ta rasu ba shi da mai ce masa ina kwana.

Ɗan Zinder: Hhh Hajiya kin ɗau alhakin tsoho. Ni a waya na kalla, na yi barci a tsakiya. Mutum yana ta yawo a titi da leda shuɗiya ba ya magana, ina abin tsoron? A ba ni na Amurka mai gudu da ihu.

Malam Sabo: Ɗan Zinder ai abin da ke cikin ledar ne matsalar, kogi yake kaiwa ya zubar. Kuma ba ƙirƙira ce zalla ba, ku nemi labarin Dennis Nilsen. Ma'aikacin ofishin neman aiki ne a Landan, yana jan samari marasa galihu zuwa gida ya kashe su ya bar gawar tare da shi, ba wanda ya yi cigiyar yawancinsu. Asirinsa bai tonu ba sai Fabrairun 1983 da magudanar ruwan gidan da yake haya a Muswell Hill ta toshe aka kira mai gyara. Shi aka yi wa Cold Light of Day a 1989, shi ma fim ne na ba kuɗi, hoton duk dishi-dishi, na fara shi ina cin tuwo na ture kwanon. Shi Nilsen yana cikin zaman kurkuku ya mutu a asibiti a 2018.

Hajjo a Leeds: Malam ni aikin kula da tsofaffi nake gida-gida, abin da ka ce na rashin cigiya gaskiya ne. Akwai wadda in na shiga da safe ni ce muryar farko kuma ta ƙarshe da za ta ji ranar, talabijin a kunne tun jiya. Ai a unguwar Wood Green ta Landan aka taɓa samun gawar wata mata a 2006 bayan fiye da shekara 2, talabijin ɗinta na ta yi. Har minista gwamnati ta naɗa kan kaɗaici a 2018 lokacin Firaminista Theresa May, da na faɗa wa Inna a waya dariya ta yi ta ce to su maƙwabta aikin me suke.

Yaya Bilki: Ni abin da ba na so da fina-finan nan, suna sa a riƙa yi wa duk mai shiru-shiru kallon makashi. Ƙanena da ke karatu a Glasgow ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, kunya ce kawai. Amma Peeping Tom na 1960 kam ya kama ni, mai ɗaukar hoton da ubansa ya yi ta gwajin tsoro a kansa tun yana yaro, sai ka ji tausayinsa kana jin haushin kanka. Masu sharhi sun yi wa daraktansa Michael Powell ca a kai har sana'arsa ta durƙushe a Ingila, sai daga baya su darakta Martin Scorsese suka farfaɗo da fim ɗin.

Baban Ummi: Yaya Bilki a Tony ma haka ne fa, da yaro ya ɓace a unguwar shi aka fara zargi alhali wannan ɗin ba shi ba ne, waɗanda ya kashe kuwa ba wanda ya tambaya. Har fim ya ƙare yana yawonsa a gari.

Ɗan Zinder: To shi kenan kun sa zan sake gwadawa, amma da rana, kuma a shagon Oga inda mutane suke.