Tsofaffin kwamfutoci goma sha ɗaya a Samaru, ni kuma ina Kano

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ɗan wurin koyon kwamfutar nan namu na Samaru, kwamfutoci 11 ne, duk tsofaffi, tara masu RAM 2GB, biyu masu 4GB. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025 na yanke shawarar mayar da su Linux, don dama ba za su ɗauki Windows 11 ba. Abu biyu ne ya tsaya min. Na farko, wane mai tsara tagogi, wato manhajar da ke jera tagogin aiki a kan allo, zan ɗora wanda ba zai danne su ba? Na biyu, yanzu kwana uku nake yi a Kano kowane mako, yaron da ke tsaron wurin kuma iyakarsa kunnawa da kashewa. Wace manhaja zan riƙa shiga da ita daga nesa in yi gyara? Wadda kod ɗinta ke buɗe nake so, ba ta kuɗi ba.

Abba: Wa alaikumus salam. i3, wanda da kibod ake sarrafa shi. An gama magana.

Anti Maryam: Abba ka karanta tambayar kuwa? Ɗalibai ya ce. Mutumin da jiya ya koyi riƙe mawus za ka ajiye wa baƙin allo ba ko maɓalli ɗaya, ka ce ya danna Alt da Enter?

Abba: Ai haka ake koyo Anti.

Anti Maryam: Haka ake gudu dai. Sati biyu Malam zai waiga ya ga benci kawai. Malam Sani ka sa Xfce, in ka ga ya yi wa masu 2GB nauyi ka sauko IceWM. Yana da sanda a ƙasa da maɓallin farawa, duk wanda ya taɓa ganin Windows zai gane hanya. Tun 1997 yake, kuma shi ne antiX ke buɗewa da shi, wanda dama don tsofaffin injuna aka yi shi.

Nura: Openbox ma ba laifi, sai dai tsirara yake zuwa, kai za ka haɗa masa sanda kamar tint2, saitinsa kuma cikin XML. In ba ka son wahala ka ɗauki LXDE, shi ne a ciki.

Ɗanjuma: Duk wanda ka sa, burauza ce za ta cinye RAM ɗin. Ana ta faɗa kan cokali an bar tukunya.

Injiniya Bashir: Malam Sani, ni ta biyun zan yi magana a kai, don na sha wuya a kanta, kuma da hannuna na jawo wa kaina. Ku yi haƙuri zan ɗan ja.

Shekarun baya ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofis, ba sai na faɗi suna ba. Suna da layin intanet mai adireshin IP na kansu, abin da ba kowa ke samu ba. Na gaji da hawa mashin duk lokacin da firinta ta ƙi, sai na ɗora x11vnc, manhajar ganin allo daga nesa ta tsarin VNC, a kwamfutar sakatariya, na shiga rawuta na buɗe ƙofa ta 5900 kai tsaye zuwa waje. Na sa kalmar sirri doguwa, na fara da bismillah, na bi ta da lambobi da alamomi har kusan ashirin. Ina ta jin kaina a matsayin gwani. Abin da ban sani ba lokacin shi ne tsohon tsarin tantancewar VNC haruffa takwas na farko kawai yake dubawa, sauran duk ado ne. Wato kalmar sirrina bismilla ce, shi ke nan. Kuma abin da ke wucewa tsakanina da kwamfutar ba a lulluɓe yake ba, fili ne.

Ba a yi wata ba sakatariya ta kira ni da sassafe murya na rawa, wai kibiyar mawus na yawo ita kaɗai, tana buɗe abubuwa. Kafin in iso har masinja ya kawo shawarar a kira malami ya yi tofi. Na tarar an buɗe burauza ana lalube cikin kalmomin sirrin da aka adana. Na zare wayar intanet, na share injin gaba ɗaya, muka kwana biyu muna canza kalmomin sirrin imel da na komai. Allah ya rufa asiri ba a nan ake harkar banki ba. Oga bai kore ni ba, amma kallon da ya yi min har yau ina tuna shi.

Ba wai wani ne ya sa mu a gaba ba. Akwai injuna da aikinsu ke nan dare da rana, suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa 5900 ta VNC da 3389 ta RDP, wani tsarin shiga daga nesa. Don haka ko me za ka zaɓa, kada ka buɗe waɗannan ƙofofin ga duniya. Ka bi da su ta cikin SSH, ko ta WireGuard, hanyoyi ne da ke lulluɓe abin da ke wucewa, kuma SSH ɗin da makulli, ba da kalmar sirri ba. Yanzu TigerVNC nake amfani da shi, na ɗaure shi ya saurari cikin gida kawai, in zan shiga sai na fara haƙa rami da SSH.

Ɗanjuma: Aljani mai neman fasawod 😂

Nura: Injiniya da ka bar masinja ya kira malamin, ƙila da shi zai gaya maka haruffa takwas ne.

Injiniya Bashir: Ku yi dariya, ranarku na zuwa.

Usman: Labarin Injiniya darasi ne, amma ina jin Malam ko ya so buɗe ƙofar ba zai iya ba. Malam, intanet ɗin wurin na layin waya ne, irin rawutar da ake sa wa sim?

Malam Sani: Eh, shi ne.

Usman: To ka shiga shafin rawutar ka duba adireshin da kamfanin ya ba ta. In ka ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ku da yawa ne kuke raba adireshi ɗaya na waje, CGNAT ke nan. Kana iya fita, amma ba mai iya shigo maka. Duk buɗe ƙofar da za ka yi a rawutarka kamar buɗe ƙofar ɗaki ne alhali ƙofar gidan a kulle, makullin kuma na hannun mai gida. Dole sai an sami wani a tsakiya da ku biyun za ku fita ku haɗu a wurinsa. Shi ya sa nake cewa RustDesk. Kod ɗinsa a buɗe yake ƙarƙashin lasisin AGPL, kuma kana iya kafa taka sabar da 'yan manhajoji biyu, hbbs mai haɗa ku, da hbbr mai miƙa saƙo in haɗuwar kai tsaye ta ƙi. Ƙaramar sabar haya ta isa.

Nura: Hayar da ake biya da dala. Ka faɗi wannan ma.

Usman: Ai yana iya fara gwaji da sabarsu ta kowa da kowa, sai dai wani lokacin da jan ƙafa.

Abba: Ko Tailscale, minti biyar ka gama.

Kabiru: Malam ya ce buɗaɗɗiya. Manhajar da kake ɗorawa a Linux a buɗe take, amma sabar da ke haɗa injunan ba a buɗe take ba. In gaskiya ake so sai Headscale, ko WireGuard zalla, wanda tun 2020 yana cikin zuciyar Linux, daga 5.6. Kuma tun da an zo nan, Abba, i3 ɗin da kake ta tallatawa ai na yara ne. dwm ake magana. Kod ɗinsa bai da yawa, mutum zai zauna ya karance shi a yini ɗaya.

Abba: Wanda in za ka canza launin gefen taga sai ka buɗe config.h ka sake harhaɗa manhajar? Allah ya sauwaƙe. Ni fayil ɗaya ne na rubutu, in gyara in danna maɓalli uku ya sabunta.

Kabiru: Sakan nawa harhaɗawar ke ɗauka?

Abba: Ba sakan ba, ranar da facin da ka liƙa na biyar ya yi karo da na biyu fa? Mun gan ka a nan kana neman taimako da azumi.

Kabiru: Wannan kuskuren hannu ne.

Sadiya: Ni awesome nake so, da Lua ake saita shi, daga dwm ɗin ma ya samo asali. Amma ban ce kowa ya bi ni ba, na ga abin naku kamar ɗariƙa.

Ɗanjuma: Saura mai xmonad ya fito ya ce mu koyi Haskell kafin mu buɗe taga.

Mamman Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni abin da ya ba ni kashi da i3 kibod ne. Nan wajenmu na Faransanci ne, AZERTY, lambobin sama sai ka haɗa da Shift suke fita. To i3 ya ce a danna maɓalli da 1 a je fili na ɗaya, ni in na danna alamar & ke zuwa. Sai da munka sake rubuta layukan duka. Haka da xrdp, na shiga daga nesa ina buga a tana fitowa q, kalmar sirri ta ƙi shiga har na zaci an canza ta. Malam in kibod ɗinka na Ingilishi ne duka, to ka huta da wannan.

Abba: Mamman bindcode ake sawa maimakon bindsym, sai ya bi mazaunin maɓallin ba harafin ba.

Mamman Maraɗi: Yanzu kake faɗi, bayan shekara biyu.

Anti Maryam: Akwai abin da ba wanda ya tambayi Malam. In ka shiga, allon da ɗalibi ke kallo kake son gani, ko naka zaman daban? Don ba ɗaya ba ne. xrdp da X2Go sabon zama suke buɗe maka, yaron wurin ba zai ga abin da kake yi ba, kai ma ba za ka ga matsalar da yake nuna maka ba. x11vnc da RustDesk su ne ke nuna ainihin allon. Kuma xrdp na da wata ɗabi'a, in mai asusun nan yana ciki a gaban injin, kai kuma ka shigo da sunan daga nesa, sau da yawa baƙin allo za ka samu ko ya wurgo ka waje. Ka yi wa kanka asusu daban.

Nura: X2Go dai a raunin sabis ba ya da na biyu a wurina. Ta SSH yake bi, kuma da Xfce ko MATE lafiya lau. Kada dai ka gwada shi da sabon GNOME.

Sadiya: Yawancin waɗannan na X11 ne fa, tsohon tsarin nuna allo na Linux. Wanda ya koma Wayland, sabon tsarin, ya manta da x11vnc da X2Go. A Sway, mai tsara tagogi na Wayland, wayvnc ake sawa, GNOME kuma na da RDP nasa a ciki, daga na 46 ma kana iya shiga tun daga allon shiga. Plasma ya samu nasa a 6.1.

Kabiru: GNOME a kan 2GB? Ki ji tsoron Allah.

Sadiya: Ban ce ya sa ba, cewa na yi ya san inda aka dosa.

Injiniya Bashir: Injunan Malam su zauna a X11, ba abin da suka rasa. Abu ne da ke aiki tun 1987.

Abba: Shekarunsa sun fi na rabin zauren nan.

Ɗanjuma: Ni mamakina Bazazzagi da ya tare a Kano kwana uku a mako. Malam ko dai an yi ƙaramar gida ne ba a gaya mana ba?

Malam Sani: Ɗanjuma karatu na koma. Ku Kanawa komai sai kun kai shi kasuwa ko ɗaurin aure.

Ɗanjuma: Allah ya ba da sa'a. In ka gama ka zo Farm Centre in saya maka RAM, a huta da wannan rigimar.

Anti Maryam: Wannan ita ce magana mai amfani ta farko da ka yi yau. DDR2 ne ko DDR3, Malam? In 3 ne ƙara musu ba zai gagara ba.

Usman: Ba sai ka ɗora manhajar nesa a duka 11 ba ma. Ɗauki ɗaya daga masu 4GB ta zama ƙofar shiga. Ka shiga ita daga Kano, daga cikinta ka bi sauran ta cikin gida da Remmina, tana jin VNC da RDP da SSH duka. Yawancin gyaran ma, sabuntawa da sake kunna firinta, SSH kawai yake so, ba ya cin data. In sabis na yawan yankewa ka haɗa da tmux, aikin zai ci gaba ko ka faɗo.

Anti Maryam: A cikin aji kuma ka duba Veyon, magajin iTALC. Malami na ganin allon kowane ɗalibi a gabansa, yana iya kulle su in yana bayani. Yaran da ke labewa suna kallon ƙwallo sun shiga uku.

Kabiru: Ba wanda ya ambaci Apache Guacamole. Ta burauza kawai kake shiga, ko a wayarka.

Nura: Sai ya kafa Tomcat da guacd saboda kwamfuta 11? Sayen rigar biki don zuwa gona.

Mamman Maraɗi: Duk wannan in akwai kuran, wato wutar lantarki. In an ɗauke, ba RustDesk ba ko sarkin aljanun Injiniya ba ya shiga.

Injiniya Bashir: Mamman kai ma?

Usman: Gaskiyarsa. Malam ka shiga BIOS na wadda za ta zama ƙofa, akwai saitin da ke sa ta kunna kanta in wuta ta dawo. Ita da rawuta ka ɗora su kan inbata in akwai.

Malam Sani: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sa yaron ya duba rawutar, ya ce 100.72 ya gani a farko. To RustDesk ɗin zan fara gwadawa ranar Asabar. Na tagogin ne har yanzu ban ji an tsaya kan ɗaya ba.

Abba: i3.

Anti Maryam: Abba.

Kabiru: Wai akwai wanda ya gwada mai tsara tagogin nan Hyprland a kan katin Nvidia a nan? Tun jiya allona ke ƙyafta ido.