Jirgina na tsere yana sakin ruwa a kwana, ina zan taɓa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na tsere na faiba, tsawonsa mita 4, da injin baya mai ƙarfin doki 40. A miƙe ba ni da ƙorafi, amma da an shiga kwana sai a bar ni a baya.

Da farko injin ba ya wuce juyi 5,000 a minti, alhali littafinsa ya ce ya kai 5,500. Na sa farfela mai ƙarancin murɗa da inci biyu (murɗa ita ce nisan da farfela ke ci gaba a juyi ɗaya), juyin ya hau, tashin farko ma ya yi kyau. Sai na ɗaga injin da rami ɗaya, a jerin ramukan da ake ɗaure shi a bayan jirgi, don ƙafarsa da ke cikin ruwa ta rage jan ruwa. Daga nan matsala ta fara. Da na karya kwana, farfelar sai ta sha iska, injin ya yi ta kururuwa, jirgin kuma ya tsaya cak kamar an riƙe shi. In na ɗan kishingiɗa injin, wato na karkata ƙafarsa baya, ina tafiya a miƙe, hancin jirgin ya dinga tsalle yana dukan ruwa, har haƙorana na haɗuwa.

Na canja fulogi, na wanke kabureta, na matsar da tanki da batir gaba. Tsallen ya ragu, kwanar kuwa tana nan yadda take.

Wani ya ce in kai a lanƙwasa bakin fikafikan farfelar don ta riƙe ruwa, wani ya ce in mai da injin raminsa na da. Ni dai ba na son rasa gudun da na samu. Wanne zan fara gwadawa? Ko farfela mai fiffike huɗu za ta fi?