"Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi": wa ta dace da shi a Line of Duty?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Wanda bai kai ƙarshen zango na 6 ba ya tsallake don zan tona komai. Ina magana ne kan Line of Duty, shirin nan na BBC da aka fara a 2012, labarin sashen AC-12 masu farautar gurɓatattun 'yan sanda a cikin rundunarsu. Duk wanda na ji yana faɗin ra'ayinsa sai ya rufe da cewa ai mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi, a faɗa a kan Cottan, a faɗa a kan Buckells, a faɗa a kan duk mai kaki da aka kama. Ni kam raina bai kwanta da haka ba. Gyangyaɗi fa ba da gangan ake yi ba, mutum yana zaune yana yaƙi da idonsa barcin ya fi ƙarfinsa. To ta yaya za a ce wanda ya shigo da niyyar ɓarna tun ranar farko gyangyaɗi ya yi?

Ɗan Auta:
Wa'alaikumus salam Baba. Ni a sanina duk wanda aka ɗora wa tsare doka ya karya ta to karin maganar ta hau kansa, ba ruwanta da niyya. Ɗan sanda ne? Eh. Ya karya doka? Eh. Shi ke nan.

Malam Sabo:
A'a yaro, ba haka take ba. Ka dubi yadda aka gina ta, mutum ne ya tashi da kansa ya ce kada wanda ya runtsa yau, yana zare ido yana tashin mutane, can dare ya raba aka waiwayo sai ga kansa yana lilo. Abu biyu ke ciki, na farko shi ya fi kowa zafi a kan dokar, na biyu abin da ya kayar da shi rauni ne irin na kowane ɗan Adam. Cottan ba ya cikin wannan ko kaɗan. Tun yana yaro yana ɗaukar wa Tommy Hunter, uban 'yan daba, jakar golf, shi ya rene shi ya tura shi aikin ɗan sanda don ya zame masa ido a ciki, har ya kutsa cikin AC-12 ɗin kanta, ya ƙulla wa Arnott, jami'in AC-12, sharri, ya harbe tsohuwar 'yar sanda Lindsay Denton a cikin mota. Wannan idonsa biyu tarau. Tasa karin maganar daban ce, da ɗan gari akan ci gari.

Anti Rabi:
Malam ka faɗi abin da ke raina wallahi. Mutum ɗaya ne karin maganar nan ta zauna masa daram, Sufuritanda Hastings, shugaban AC-12, kuma shi ya sa zango na 5 ya fi kowanne taɓa ni. Mutumin da kullum bakinsa bin doka sau da ƙafa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa komai girman muƙaminsa, sai ga shi bashi ya yi masa katutu saboda jarin gidaje da ya zuba ya nutse, aurensa ya mutu, yana kwana a ɗakin otal da kuɗin ma yana gagararsa biya. Aka kawo masa ambulan na kuɗi don a ɗana masa tarko, fam dubu 100, ya ɓoye rabi, daga baya ya kai fam dubu 50 ɗin wa matar marigayi John Corbett, ɗan sandan da ya saje cikin 'yan daba a ɓoye. Bai ci ko sisi ba amma kuɗin shaida ne, ba nasa ba ne balle ya bayar, kuma da wani ƙaramin saje ne ya yi haka da Hastings ɗin da kansa zai zaunar da shi gaban rikoda ya karanta masa laifinsa. Ni har yanzu ina ganin girmansa, amma ba zan ce bai yi gyangyaɗi ba.

Ɗan Auta:
To Anti ai kuɗin ma ƙarami ne. Zuwan da ya yi gidan yari wajen Lee Banks fa? Ya je ya sanar da ɗan daba cewa akwai mai kai rahoto a cikinsu, ba a jima ba aka yi wa Corbett yankan rago. Rai fa aka rasa. In aka kira wannan gyangyaɗi an rage masa nauyi, ni abin da nake tsoro ke nan, karin maganar tana da taushi da yawa, kamar ana cewa ayya barci ne ya sace shi.

Malam Sabo:
Nan kam ka kawo magana. Amma taushin nata ba yafiya ba ce, kunyatarwa ce. Ba a faɗa wa mutum ita don a wanke shi, ana faɗa ne don a tuna masa da bakinsa na jiya. Kuma ka lura Hastings ya ji kunyar, a fitowar ƙarshe ta zango na 6 ya koma da ƙafarsa ya faɗa wa Carmichael, babbar jami'ar da aka ɗora a kan AC-12, abin da ya yi alhali ba wanda ya tilasta shi. Cottan ko Buckells wa ya taɓa jin nauyin kakinsa a cikinsu?

Ummu Khalil:
Ni bari in shigo ta wajen Buckells don nan ne aka fi yin rigima. Daren 2 ga Mayu 2021 mutum miliyan 12.8 suka zauna kallon fitowar ƙarshe a Birtaniya, ana jiran a ga wani shu'umin ƙwaro mai juya kowa daga sama, sai aka buɗe ƙofar ɗakin tambayoyi aka shigo da Buckells, mutumin da tun zango na 1 muke ganinsa yana shirme yana ɓata bincike. Mutane da yawa suka ji haushi suka ce an yaudare su. Ni ma da farko jikina ya yi sanyi amma da na zauna na yi tunani sai na ga wannan ne ƙarshen da ya fi ban tsoro. Daga sufeto ya hau har sufuritanda, duk aikin da aka ba shi sai ya lalace, fayil ya ɓace, a makara wajen kame, kowa ya ce ai Buckells ne, sakarai ne kawai, a ƙara masa girma a wuce. Sakarcin nan shi ne mayafinsa. Don haka in dai dole sai an yi amfani da karin maganar nan a kansa to juya ta za a yi, ba shi ne ya yi gyangyaɗi ba, waɗanda aka ɗora wa sa ido a kansa ne suka yi, har da AC-12 da suka sha zama da shi a teburi ɗaya suna kallonsa a banza.

Baban Hanifa:
Madalla Ummu Khalil, wannan fassarar ta shige ni. Wato mai dokar barcin ba lallai mutum ɗaya ba ne, yana iya zama ofis sukutum.

Malam Sabo:
Yana iya zama, amma ni a nan na fi son sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Buckells ƙadangare ne kawai, tsagar ita ce abin tambaya. Ku tuna yadda shirin ya fara, 'yan sandan yaƙi da ta'addanci suka faɗa gidan da ba shi ba suka harbe Karim Ali, mutumin da bai ji ba bai gani ba, shugabansu Osborne ya tara su ya ce kowa ya faɗi labari iri ɗaya na ƙarya, Arnott ya ƙi, shi ya sa ya bar sashen ya koma AC-12. To a zango na 6 wa ke shugabancin rundunar gaba ɗaya? Osborne. Shi ne kuma yake tsayawa gaban 'yan jarida yana cewa babu wata ruɓa a tsarin, aka rage wa AC-12 ƙarfi aka haɗe ta da sauran sassan. Wannan ai ba barci ya ɗauke shi ba, fitilar ya kashe da hannunsa.

Anti Rabi:
Kuma abin bai tsaya a talabijin ba Malam. Sati shida bayan fitowar nan, a watan Yuni 2021, kwamitin da ya binciki kisan Daniel Morgan ya fitar da rahotonsa, mai binciken sirri ne da aka kashe da gatari a wajen ajiye motoci na wata mashaya a kudancin Landan a 1987, har yau ba wanda aka samu da laifin kisan. Kwamitin ya ce yadda 'yan sandan Landan suka riƙa ɓoye gazawarsu don kare sunansu shi kansa wani nau'in ruɓa ne da ya shiga jikin hukumar, su kuma shugabannin suka musanta. Da na karanta sai na daina jin haushin ƙarshen shirin kwata-kwata. Dangin mutumin nan sun fi shekara 30 suna bin magana ɗaya, abin tausayi wallahi.

Ɗan Auta:
Na ji duka, na yarda Cottan da Osborne ba su shiga ciki ba. Amma in rauni ne ma'aunin to ku ƙara da Arnott da ya kamu da ƙwayoyin kashe ciwo bayan an jefo shi daga bene yana ta zille wa likitocin ofis, da abokiyar aikinsa Kate Fleming da ta harbe Ryan Pilkington, yaron 'yan daba mai kaki, aka bar wata jami'a Jo Davidson ta ɗauki abin a kanta, su Hastings sun gane suka kawar da kai. Hastings, Arnott da Kate, uku duka ke nan. Shi kuwa zancen Lee Banks ban sauka ba, mutumin da ya shekara da shekaru a aikin nan ya san abin da 'yan daba ke yi wa mai kai rahoto.

Ummu Khalil:
Shi dai Hastings cewa ya yi yana son Corbett ya ji wuta ya miƙa kansa ofis, kuma bai ambaci suna ba. Ka koma ka sake kallon inda yake yi wa Arnott da Kate bayani a fitowar ƙarshe ƙanena, ka dubi fuskarsa sosai, sai ka dawo mu ci gaba daga nan.