MTH 102: Me ake buƙata kafin a tsallake kalkulas a aji ɗaya?

Sabuwar Ɗaliba, Jos

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, ina neman haske. Ina aji ɗaya a fannin kimiyya a Jami'ar Jos, zango na biyu kuma za mu ɗauki MTH 102, wato kalkulas. Ban yi Further Maths a sakandare ba, kowa kuma tsorata ni yake yi. Yaya ake raba maki? Da gaske ne rashin zuwa lakca yana hana mutum zama jarrabawa? Wane ɓangare ne ya fi kayar da ɗalibai?

Malam Mai Alli

Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, ba a sa Further Maths cikin sharaɗi ba. Kos ɗin daga tushe yake farawa.

A sabon tsarin karatu da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fitar a ƙarshen 2022, wanda ake kira CCMAS, MTH 102 yunit 2 ne. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a mako har mako 15, kin ga awa 30 ke nan. Ƙa'idar da yawancin jami'o'in ƙasar nan ke bi ita ce halartar kashi 75 cikin 100 kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Ki lissafa da kanki: in kika rasa awa 8, saura 22, kin faɗo ƙasa da layi. Wani malamin yana zagaya takardar sa hannu kullum, wani sai ya ga dama, amma ranar da aka tashi bin doka ba wanda zai yi miki sanarwa.

Maki kuwa, galibi 30 ne na CA, wato tes da asainmen, 70 na jarrabawa. A daga 70 ne, darajarsa a lissafin sakamako maki 5. B daga 60, maki 4. C daga 50, maki 3. D daga 45, maki 2. E daga 40, maki 1. Ƙasa da 40 F ne. Mai CA 12 sai ya kawo 38 cikin 70 kafin ya ga C. Mai CA 24 kuwa 26 ta ishe shi, in ya kawo 46 ma ya yi A. Shi ya sa nake mamakin masu wasa da tes suna cewa a jarrabawa za su rama.

In aka samu F, kari-oba ke nan: sai an sake rajistar kos ɗin a zango na biyu na shekara mai zuwa, kuma shi ake fara sawa a fom kafin sababbin kwasa-kwasai. A yawancin jami'o'i F ɗin ba ya gogewa daga lissafin CGPA, wato matsakaicin sakamakon duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya ɗauka. F sannan C a kos mai yunit 2 yana ba da maki 6 a kan yunit 4, wato 1.5 maimakon 3. Ki kuma tabbata kos ɗin ya fito a fom ɗin rajistarki da sa hannun lebul kodineta, wato malamin da ke kula da ajinku, don wanda bai yi rajista ba ko 90 ya ci a banza.

Yaya daga Naraguta

Ƙanwata, Malam ya gama da doka, bari in taɓo karatun. Abu huɗu ne a jere: fonshan da girafinsa, limit, difarenshiyeshan, sai intigireshan. Kowanne a kan na bayansa yake zaune. Amma abin da ke kayar da mutane ba sabon karatun ba ne, tsohon ne: aljabara da tirigonometiri na sakandare.

Ga misali. A ce ki nemo limit na (x² − 4)/(x − 2) yayin da x ke kusantar 2. In kika zuba 2 kai tsaye, 0/0 za ki samu, a nan da yawa suke rubuta sifili ko su tsallake. Alhali x² − 4 ai (x − 2)(x + 2) ne. Ki soke x − 2 sama da ƙasa, saura x + 2, amsa 4. Duk wahalar a fasa x² − 4 take. Don haka kafin a koma, ki ba da mako biyu ga fakta, dokokin fawa da na log, da su sin² x + cos² x = 1.

Wuraren da maki ke zubewa sanannu ne. Na farko dokar sarƙa: dy/dx na (2x + 1)⁵ shi ne 10(2x + 1)⁴, ba 5(2x + 1)⁴ ba, saboda abin da ke cikin baka ma sai an ninka da nasa 2. Haka sin 3x yake ba da 3 cos 3x. Na biyu manta + C a intigireshan marar iyaka. Sai intigireshan na 1/x, wanda dokar ƙara ɗaya a fawa ba ta aiki a kansa don za ta kai ki ga rabawa da sifili; amsarsa ln|x| + C. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na faɗin fili: intigiral na sin x daga 0 zuwa 2π sifili ne, domin rabin da ke ƙasan layi yana cinye na sama, amma faɗin filin 4 ne. Ki zana girafin tukuna, ki raba a π, ki lissafa kowane rabi daban.

Ki kuma iya fitar da dy/dx na x² ta hanyar limit, mataki-mataki. In tambaya ta ce a bi ta tushe, wato ta wannan hanyar, kika rubuta 2x kawai, amsa daidai ce amma makin na matakan ne.

Injiniya, Abuja

Gyara kaɗan, Malam: akwai inda ake raba 40 da 60, akwai kuma sassan da D ma ba ta isar su ba. Takardar tsarin kos da ake rabawa a makon farko da littafin dokokin sashe su ne hujja.

Batun kalkuleta: wadda ba a loda mata furogiram ake yarda da ita, waya kuwa ko a kashe take laifin satar amsa ce in an same ta a jikinki. Ki mayar da kalkuletar kan radiyan. Gwaji: sin 0.01 a raba da 0.01. In ta ba ki kusan 1, daidai, in 0.017 ta fito, tana kan digiri.

Sabuwar Ɗaliba, Jos

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in rashin lafiya ta hana mutum yin tes fa?

Malam Mai Alli

Haka ne, Injiniya. 'Yata, ki samo rahoton likita daga asibitin makaranta, ko ki kai na waje su tantance. Ki rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannun lebul kodineta, da lambar matirik da lambar kos, ki ajiye kwafi. A cikin makon da abin ya faru za ki yi, kafin malami ya miƙa makin CA. Bayan an miƙa, gyaran sai ya bi ta kwamitin sashe.